Taura: Daren da shinge ya sauka a kan ɗanyen fenti

Wanda ya hau mota a tashar Yankaba da ke Kano ya nufi gabas, zai wuce Jogana da Gezawa da Zakirai, ya shiga Jihar Jigawa ta ɓangaren Ringim, daga nan sai ƙasar Taura. Wanda kuma ya taso daga Dutse, babban birnin jihar, ta Kiyawa da Jahun zai biyo, ya ratsa fadama ya ɓullo Gujungu, inda hanyoyin Gumel da Haɗeja da Kano suka haɗu. Gujungu a cikin Ƙaramar Hukumar Taura take, haka ma Majiya. Taura kuwa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Ringim, sauran su ne Ringim da Garki da Ɓaɓura.

Ƙasar iri biyu ce. Akwai tudu mai rairayi, irin wanda Bahaushe ke kira jigawa, kuma daga nan jihar ta samo sunanta lokacin da aka cire ta daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991. A tudun ake noman gero da dawa da wake da riɗi. Akwai kuma fadamar Kogin Haɗeja, baƙar ƙasa mai riƙe ruwa, inda ake shinkafa damina da rani, da alkama lokacin sanyi. Kogin daga Jihar Kano yake gangarowa bayan Kogin Kano da Kogin Challawa sun haɗe. Ku riƙe maganar fadamar nan a ranku, domin rabin labarinmu daga cikinta ya fito.

Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka ja daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ta Taura ya bi, kuma gyaɗa ce babban kayan da jirgin ke kwasa a wancan zamani. Yau mota ce ke ɗaukar kusan komai: buhunan shanshera, awaki, 'yan biki, marasa lafiya, da 'yan matan makarantar kimiyya ta Taura idan an yi hutu ko an dawo. Ranar Lahadi, ranar da kasuwar Gujungu ke ci, duk wani abu mai taya huɗu sai ya samu lodi. Shi ya sa burin samari da yawa a yankin bai wuce su mallaki bas ba.

To, ba duk bas ɗin da kuke hawa ne aka ƙera su a bas ba. Da yawansu motocin ɗaukar kaya ne a Turai, na masu gyaran famfo ko masu rarraba burodi. Idan sun tsufa sai a loda su a jirgin ruwa, a sauke a Kwatano ko Legas. Saboda yawancinsu ta tashar jirgin ruwa ta Antwerp ake fito da su, har yau ana ce wa irin waɗannan motoci 'yan Beljiyam. Motar za ta iso da kujerar direba da ta mutum biyu a gefensa, bayanta kuwa akwati ne rufe ruf, ba taga ba wurin zama. Wadda ta fito daga Ingila ma da wata matsalar: sitiyarinta a dama yake, ƙofar gefenta kuma a hagu, alhali tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Ƙofar irin wannan mota tsakiyar titi take kallo, wato inda fasinja bai kamata ya sauka ba.

Mayar da wannan akwati motar fasinja aikin mutane da yawa ne. Na ga yadda ake yinsa a wani gareji da ke bakin titi a ƙasar Taura, lokacin da na je ziyarar dangi gab da Babbar Sallah. Garejin rumfar kwano ce a kan dirkoki, gefe guda bishiyar darbejiya, bayansa kuma da ɗan tazara gonakin shinkafar rani ne da ba a gama yanka ba. Mai walda ya yanke gurbin tagogi da injin yanka, ya haɗa ƙarafan kujeru ya ɗaure su a ƙasan motar, ya ɗora kariya a sama. Mai kushin ya sa soso da leda. An sayo gilasai daga Kofar Ruwa a Kano. Fanal-bita ya daddaki inda ya lotsa, ya cike da bodi-fila, aka goge da samfefa har hannu ya daina jin tudu. Saura mutum na ƙarshe, mai fenti, wanda shi ne maigidan garejin, dattijo mai furfura a gemu da ɗigon fenti kala-kala a silifas.

Mai motar saurayi ne manomi. Kuɗin alkamarsa ya zuba, ya sayar da bijimi, yayarsa kuma ta ba shi kwasar adashinta a kan zai riƙa biyanta daga abin da motar ta kawo. Kalar da ya zaɓa ja ce mai duhu, irin ta zoɓo, domin ya ce yana son a hango motarsa tun daga kwana a san ita ce. Kuma ya sa wa ransa lallai ta fita a kasuwar Lahadi ta ƙarshe kafin Sallah, ranar da raguna da fasinja ke yi wa motoci yawa.

Kada ku ɗauka fenti ado ne kawai. Jikin mota ƙarfe ne, ƙarfe kuwa da zarar ya haɗu da ruwa da iska sai ya fara tsatsa. Duk inda aka yanka taga ko aka yi walda, an tone wa ƙarfen asiri ke nan. Don haka ake fara fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka wanda ke kama ƙarfe, sannan kala, sannan man sheƙi a kai wanda ake gauraya shi da sinadarin da ke sa shi ya yi tauri. Dukkansu idan aka haɗa kaurinsu bai fi na takardar littafinku ɗaya ko biyu ba. Wannan 'yar fatar ce ke tsakanin ƙarfe da damina.

Ranar Alhamis aka shirya feshi. Da daren Laraba aka sheƙa ruwa, irin na farkon damina mai ta da ƙamshin ƙasa, da hantsin Alhamis kuma aka ƙara yayyafi. Dattijon ya so a bari sai Juma'a da safe. Saurayin ya ƙirga kwanakin da za a sa gilasai da kujeru, ya ga ba za ta yiwu ba.

"Baba, don Allah a taimaka a yi yau. In na rasa kasuwar nan ban san da bakin da zan yi wa Yaya bayani ba," in ji shi.

"Yaro, fenti ba ya son gaggawa. Amma motarka ce," in ji dattijon.

Babu wutar lantarki, kuma injin iskar da ke tura fenti cikin bindigar feshi da janareto yake aiki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, galan guda ma sai an yi shawara kafin a saya. Kafin a haɗa kuɗin mai a dawo, an yi la'asar. Aka fesa kala, aka jira ta sha iska, aka sake. Lokacin da aka zo kan man sheƙi rana ta faɗi, sai aka rataya farin ƙwan lantarki guda biyu a jikin azarar rumfar, daidai saman motar, don mai feshi ya ga hannunsa. Aka gama ana kiran magariba. Motar tana wal-wal kamar an tsamo ta daga kogi. Suka bar fitilun a kunne suka tafi masallaci.

Sauran labarin daga bakin yaron garejin na ji shi, wani ɗan aji biyu na babbar sakandare da ke zuwa koyon aiki bayan an tashi makaranta. Ya ce shi ya fara dawowa, tun daga nesa ya hango fitilun kamar hayaƙi ya kewaye su. Da ya matso sai ya ga shinge ne, dubbai, suna zagaye ƙwan lantarkin suna faɗowa kan rufin motar. Wanda ya faɗa kuwa ya kamu. Wasu suna jan jiki suna barin layi a bayansu kamar sawun maciji a yashi, wasu sun fizge sun bar fukafukansu kwance cikin man. Ya ruga ya kashe janareto yana kiran "Oga! Oga!", amma aikin gama ya gama.

Da safe na je na gani da idona. Rufin da gefen dama ne suka fi shan wahala. Ban da shinge, akwai wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu santsin baya, irin waɗanda ake gani suna iyo a kududdufi, da wasu mitsi-mitsi masu kama da sauro. Waɗannan bayan an kashe fitila ma ba su daina zuwa ba, har da asuba. Saurayin yana tsaye ya ɗora hannu a ka, bai ce uffan ba. Wani direba da ya tsaya shan shayi ya ce ai ƙwari ƙamshin fenti suke so. Wani ya ce baki ne. Akwai ɗan abin kamawa a maganar farko, domin wasu ƙwarin da ke huda itace suna bin warin sinadaran da ake tsinka fenti da su, saboda yana kama da warin bishiyar da ta ji rauni. Amma mafi yawan waɗanda suka mutu a kan motar nan ba abinci suka zo nema ba. Ruɗe su aka yi, har ruɗu biyu.

Mu fara da shinge, wanda a wasu wuraren ake kira gina. Shinge gara ce mai fukafuki. A cikin suri akwai ma'aikata da sojoji, akwai kuma 'ya'yan sarauta maza da mata waɗanda ake renon su da fukafukai don tafiya guda ɗaya tak a rayuwarsu. Suna jira sai ruwan farkon damina ya jiƙa ƙasa ta yi laushin da za a iya haƙawa, sannan su fito gaba ɗaya, galibi da yamma ko da dare. Idan suka sauka sai su karya fukafukan, mace da namiji su bi juna su shige ƙasa su kafa sabon gida. Fukafukin yana da wata gaɓa a gindinsa da aka halitta don ya ɓalle cikin sauƙi, shi ya sa kuke wayar gari ku ga tsakar gida fal fukafukai babu masu su. Duk yaron da ya taɓa ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin fitila ya tara shinge aka soya masa da gishiri ya san daren da suke fitowa. Abin da aka yi a garejin nan tarkon shinge ne sak, sai dai a maimakon kwanon ruwa, mota aka ajiye.

Me ke kai ƙwaro wurin fitila? An daɗe ana cewa son haske ne, wasu suka ce ɗauka yake wata ne. A watan Janairun 2024 wasu masana, cikinsu har da Samuel Fabian na Kwalejin Imperial da ke Landan, suka buga sakamakon wani bincike a mujallar Nature Communications. Sun ɗauki hoton ƙwari da kyamarori masu saurin gaske, a ɗakin gwaji da kuma cikin dajin ƙasar Kosta Rika. Abin da suka gani shi ne ƙwaron ba ya nufar fitila kai-tsaye, bayansa yake juya mata. Dalili kuwa, ƙaramin abu mai tashi yana buƙatar sanin ina ne sama ina ne ƙasa, kuma tun fil azal sararin samaniya ne wuri mafi haske, ko da dare. Don haka muddin bayansa na fuskantar haske, ya san a daidai yake. Idan aka kunna ƙwan lantarki kusa da shi, sai ya ɗauka nan ne sama, ya karkata bayansa gare shi, ya yi ta zagaye ba fita. Idan ya bi ta saman fitilar ma sai ya kife ya rikito ƙasa. Abin da ke ƙasan fitilar a daren Alhamis ɗin nan kun san shi.

Kalar fitila ma tana da tasiri. Idon ƙwari ya fi ganin shuɗin haske da wani haske da ke gaba da shuɗi wanda idonmu ba ya gani, amma bai cika damuwa da rawaya da ja ba. Farin ƙwai mai ɗaukar ido ya fi mai ruwan ɗorawa tara ƙwari. Sai dai mai fenti ba zai iya tantance kala a ƙarƙashin fitila mai ruwan ɗorawa ba. Yana son farin haske, ba ya son baƙin da farin haske ke gayyatowa. A garin da ake kira Taura ba sai an tuna wa kowa cewa taura biyu ba ta taunuwa ba.

Ruɗu na biyu ya fi ban mamaki, kuma shi ne ya jawo ƙwarin fadama. Ku tambayi malaminku na Fiziks, zai gaya muku haske kaɗawa yake yi yayin da yake tafiya, kamar igiyar da aka ɗaure a turke ana girgiza ta. Hasken rana yana kaɗawa ta kowace fuska, sama da ƙasa, hagu da dama. Amma idan ya daki shimfiɗaɗɗen ruwa ya dawo, mafi yawan wanda ya dawo ɗin a kwance yake kaɗawa. Idonmu ba ya bambance wannan. Idon ƙwarin ruwa kuwa yana bambancewa, kuma da shi suke gane tafki ko gonar shinkafa daga sama idan sun tashi neman sabon wurin zama ko wurin zuba ƙwai.

Matsalar ita ce ba ruwa kaɗai ke mayar da haske haka ba. Duk abu mai santsi da sheƙi da duhun kala yana yi, wani lokaci ma fiye da ruwan. Wasu masana a Budapest, babban birnin ƙasar Hangari, György Kriska da Gábor Horváth da abokan aikinsu, sun gwada wannan. Sun shimfiɗa ledoji masu sheƙi kala huɗu, ja da baƙa da rawaya da fara, a kusa da wata fadama, suka riƙa ƙirga ƙwarin ruwan da ke sauka a kan kowace. Sakamakon da suka buga a 2006 ya nuna ja da baƙa ne suka kwashe ƙwarin, rawaya da fara kuwa kusan ba a kula su ba. Farin abu yana watso haske mai yawa ta kowace fuska, sai ya dushe alamar ruwan. Duhun kala kuwa yana shanye sauran hasken, ya bar na saman nan mai kaɗawa a kwance. Wato a idon ƙwaron da ya taso daga gonar shinkafa, rufin mota mai ruwan zoɓo da sabon man sheƙi kududdufi ne mai kyau.

Ba a ƙauye kaɗai ake wannan asara ba. A Brazil an taɓa fama da ƙwaron nan mai siririn jiki da fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin ruwa, wanda wasu ke kira mazari. Yakan zuba ƙwai a kan sababbin motocin da aka jera a fili, idan rana ta gasa ƙarfen sai ƙwan ya fitar da sinadari mai cin man sheƙi. Can ma fentin ya riga ya bushe, amma bai tsira ba.

Duk wanda yake da gonar shinkafa kusa da gida yana iya maimaita gwajin mutanen Hangari. Ku samu baƙar leda mai sheƙi da fara, girmansu ɗaya, ku shimfiɗa su a ƙasa da tazarar 'yan taku, ku danne gefensu da duwatsu. Ku zauna daga la'asar sakaliya zuwa magariba da littafi da biro, kuna rubuta abin da ya sauka a kan kowace. Ku yi kwana uku kuna sauya musu wuri, don kada a ce wurin ne ya jawo bambancin. Sai ku kai wa malamin Bayoloji. Yaron garejin da na kwatanta masa haka dariya ya yi, ya ce shi an riga an yi masa gwajin da motar mutane.

Gyaran irin wannan ɓarna yana buƙatar haƙuri. Abu na farko da dattijon ya hana shi ne taɓawa. Ƙwaro ɗaya ko biyu, idan an gan su nan take, ana iya ɗaga su da bakin allura man ya koma ya rufe gurbin. Amma wanda ya sa yatsa ko tsumma a ɗanyen fenti ya mai da ɗigo ya zama tabo. Sai aka bar motar kwana biyu ta yi tauri. Daga nan aka bi inda abin bai yi zurfi ba da samfefa mai laushi ana zuba ruwa, lamba 1500 sannan 2000, domin a samfefa yawan lamba shi ne laushi, aka goge da man gogewa har sheƙin ya dawo. Ƙafa da fukafukin da suka tsaya a saman man duk sun fita. Rufin da gefen dama kuwa ba su gyaru haka ba, saboda shingen ya nutse har cikin kala. Idan aka cire gawar sai a bar rami, ramin nan kuma ƙofa ce ga ruwa. A damina ɗaya tsatsa za ta shiga ta ƙarƙashi ta kumbura fentin kamar ƙurji. Dole aka kankare su aka koma baya.

Sai rigimar wa zai biya. Saurayin ya ce shi aiki ya bayar, aiki yake so a ba shi. Dattijon ya ce ai ya faɗa a bari sai da safe. Kowa da gaskiyarsa, ko da yake a ganina wanda ya shekara talatin yana feshi a bakin fadama bai kamata ya bar fitila a saman ɗanyen fenti ba, ko wa ya matsa masa. Wani dattijo daga cikin shugabannin direbobi ne ya raba gardamar a gindin darbejiyar: mai mota ya sayo fenti da tina da fetur, mai fenti ya yafe kuɗin hannunsa na karo na biyu. Saurayin ya sayar da buhu biyu daga shinkafar da ya ajiye don ci.

A Kano da Abuja da Legas akwai garejin da ke da ɗakin feshi na musamman, wanda masu sana'ar ke kira obin. Rufe yake ruf, iskar da ke shiga sai ta bi ta matata, bayan feshi kuma a ɗumama ɗakin zuwa wajen digiri 60 fentin ya gasu. Ƙwaro ba ya shiga, ƙura ba ta shiga. Amma kuɗinsa ba na mai bas ɗin kasuwar ƙauye ba ne. Tun asali ma jinkirin bushewa ne babbar damuwar masu fentin mota. A farkon zamanin mota da buroshi ake shafawa, mota guda ta yi makonni tana jiran bushewa, sai da kamfanin DuPont na Amurka ya fito da fentin feshi mai suna Duco, wanda aka fara sa wa motar Oakland ta 1924, sannan makonni suka koma sa'o'i. Duk mintin da fenti ya yi yana ɗanye, dama ce ga abin da ke yawo a iska.

Mai fentin Taura ba shi da obin, kalanda yake da ita a ka. Da damina ƙwari ne da laima, laimar kuma takan sa wani fentin ya yi hazo-hazo kamar an hura masa numfashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙwari sun yi sauƙi, sai hunturu ya kawo ƙurarsa, wadda mai yawa daga cikinta tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke ɗauko ta. Da bazara zafi kan haura digiri 40, fenti ya fara bushewa tun bai isa jikin mota ba, ya fito da kaushi kamar ɓawon lemo. Babu watan da ba shi da abokin gaba. Abin da ya rage shi ne zaɓen sa'a: da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take, lokacin da ƙwarin dare sun kwanta, iska kuma ba ta taso ba.

Haka aka yi a karo na biyu. Tun da sassafe yaran suka share rumfar, suka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Aka ɗinke tsofaffin gidajen sauro da suka yage aka kewaye rumfar da su, ɓangaren fadama kuma aka sa tamfol. Na ce tsofaffi da gangan. Gidan sauron da ke da sauran amfani a kan gadonku ya kamata ya kwana, zazzaɓin cizon sauro ya fi fentin kowace mota tsada. Wani ya kawo shawarar a fesa maganin ƙwari ko a kunna na igiya, dattijon ya ƙi. Maganin feshi yana da maiƙo, in ya sauka a jikin mota fenti ba zai kwanta a wurin ba, sai ya buɗe ƙananan ramuka. Na igiya kuwa wuta ce, tururin tina kuma kamawa yake kamar fetur. A wannan yanki ba a wasa da maganar wuta, tun daren 15 ga Oktoba 2024 da tankar mai ta faɗi ta kama a Majiya, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Abu ɗaya da bai yi mini daɗi ba shi ne ganin yaron nan a cikin rumfar da aka kewaye, ya ɗaure hancinsa da hankici kawai. Rufe wuri yana hana ƙwaro shiga, yana kuma hana tururi fita. Sinadarin da ke sa man sheƙi tauri yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar asma ga masu feshi, hankici kuma ba ya tare shi. Madarar da ake sha bayan aiki wai ta wanke ƙirji ciki take tafiya, ba huhu ba. Ku da kuke koyon sana'ar nan bayan makaranta, ku roƙi iyayenku ko maigidanku takunkumi na gaske mai matata a gefe, kuma in ba ku ne ke riƙe da bindigar ba, ku tsaya a waje ta inda iska ke fitowa.

Kafin azahar fentin ya daina kama yatsa. Da yamma, don kada a sake, aka kai fitila can gindin wata bishiya nesa da rumfar, aka ajiye baho da ruwa a ƙarƙashinta, rumfar kuma aka bar ta cikin duhu. Ƙananan yaran unguwa ne suka kwashe abin da ya taru a bahon.

Rufin motar fari aka yi masa a wannan karon. Dattijon ne ya ba da shawarar, ya ce fari ya fi araha, ya fi ɓoye aibi, kuma fasinja ba za su gasu da rana ba. Bai taɓa jin labarin masanan Hangari ba, amma ya ce ya daɗe da lura farar mota ba ta tara ƙwari kamar ja. Kasuwar kafin Sallah dai ta wuce motar tana gareji ba gilashi, raguna a motocin wasu suka tafi. Sai Lahadin bayan Sallah ta fara lodi zuwa Gujungu, jar ƙasa da farin sama, da mata masu komawa gida daga yawon Sallah da buhunan taki biyu a kan kariya. A cikin lungun ƙofar baya, inda samfefa ba ta kai ba, akwai fukafukin shinge guda ɗaya kwance a ƙarƙashin man sheƙi, jijiyoyinsa duk ana gani. Yaron garejin ne ya nuna mini shi, ya ce Oga bai sani ba.